Rezime na kongiren anestezi: kalma 300 kawai suka ba ni, ta ina zan fara?

Mai_Rashi

Assalamu alaikum jama'a, ya aiki ya gardi (aikin kwana a asibiti), ya kuma wannan zafi da muke sha. Ni infirmiye (nas) ne na anestezi, wato mu ne masu sa mutum barci a blok (ɗakin tiyata) kafin a yi masa aiki, ina wani lopital na distirik a nan yankin Garwa, shekara ta shida kenan. Likitan anestezi ba mu da shi, mu biyu ne kacal ni da abokin aikina muna karɓa-karɓa, in ɗaya ya kwanta ciwo to ɗayan ya tare a blok kenan sai yadda hali ya yi.

Abin da ya kawo ni, an turo sanarwa a gurup ɗinmu na WhatsApp na 'yan ajinmu cewa akwai kongire, wato babban taron masana, na masu anestezi da reyanimasiyo (kula da majinyata masu tsananin ciwo) da za a yi a kudu, sun buɗe karɓar rezime, wato taƙaitaccen bayanin binciken da mutum ya yi, kuma sun ce har infirmiyoyi na iya turawa ba likitoci kaɗai ba. Saura sati biyar su rufe. Ni kuwa dama tun bara nake zama da dare ina kwafe rajistar blok ɗinmu cikin Excel, duk matar da aka yi wa sezariyen (tiyatar ciro jariri) da rashi, wato allurar kashe jikin nan da ake yi a gadon baya, na shekara biyu, dosiye sun kai ɗari biyu da ɗoriya, kun san da shek sante ɗin nan, takardar kula da masu ciki ta sefa 6000, mata suna zuwa sosai sezariyen ba ya yankewa a wurinmu. Abin da nake so in nuna shi ne saukar tansiyo (faɗuwar awon jini) bayan rashi ba ta da yawa a hannunmu kamar yadda aka koya mana a makaranta, don da na ƙirga 'yan kaɗan ne ƙwarai aka rubuta tansiyonsu ta faɗi, wlh har ni kaina na yi mamaki na ce ko dai matanmu na arewa ƙarfin jiki gare su.

To ga inda na maƙale. Sun ce kada a wuce kalma 300, ni da na zauna na rubuta sai na ga 900 da wani abu, kuma duk jimlar da na zo gogewa sai in ga ai ita ce mai muhimmanci. Sannan akwai gurbi a fom ɗin da ke tambayar lambar izinin komiten etik (masu duba ɗa'ar bincike), ni ban taɓa zuwa wani komite ba, rajista kawai na kwafa ban taɓa jikin kowa ba, shi ma sai da izini? Wanda ya fi damuna kuma, da na nuna wa shef ɗinmu sai ya yi murna ya ce madalla, a sa sunansa a farko tunda shi ne likita kuma servis nasa ne, alhali ko layi ɗaya bai rubuta ba. Ban yi musu ba na ce to. Sai zaɓi tsakanin oral (gabatarwa da baki) da fosta (a buga aikin a babbar takarda a kafa), ban san wanne ya fi saurin karɓuwa ba. Dan Allah waɗanda suka taɓa turawa a taimaka wa ƙani, kongire ko kallo ban taɓa zuwa ba.

YarMarwa

Wa alaikumus salam Yaya. Ni rezidan ce, likita mai koyon ƙwarewa, a Yawunde shekara ta uku, na tura sau uku an karɓi biyu an wurgo min ɗaya, bari in faɗi ɗan abin da na sani kafin manya su iso.

900 ɗin nan kar ta tayar maka da hankali kowa haka yake farawa, kuma ko ban gani ba na san inda kalmominka suka tafi, gabatarwa ce ta cinye su. Na rantse ka faro daga August Bier da ya fara yin rashi a Jamus a 1898, ka biyo ta kan mutum biliyan 5 da rahoton Lancet na 2015 ya ce ba sa samun tiyata da anestezi mai aminci, kafin ka iso Garwa rabin shafi ya tafi hhh. Yaya masu karanta rezimenka furofesoshin anestezi ne, wannan duk sun sani tun muna goye. Gabatarwa jimla biyu ta isa, ɗaya ta ce ga matsalar, ɗaya ta ce ga abin da na so in auna. Ni yadda malamina ya raba min 300, kamar 40 gabatarwa, 90 hanyar aiki, 120 sakamako, ragowar kammalawa, ba doka ba ce amma ta fisshe ni.

A hanyar aiki ka faɗi irin binciken, naka na duba baya ne tunda dosiye ka bi, daga wane wata zuwa wane wata, wa ka saka wa ka cire kuma don me, miligiram nawa na bupi (maganin allurar rashi) kuke yi, allura lamba nawa, ana ƙarin ruwa kafin ko tare, da abin da ka yi lissafi da shi ko Excel ɗin ne ko Epi Info. A sakamako kuma lamba kawai, kuma duk kashi cikin ɗari da ka rubuta ka sa adadin mutanen a gefensa, misali a ce 30 cikin 200, ba kashi 15 tsurarsa ba. Dosiyen da suka ɓata ko ba su cika ba ka faɗi yawansu kar ka ɓoye. Abin da ya sa aka wurgo min nawa na farko, na rubuta wai za a gabatar da cikakken sakamako a wurin taro, don a lokacin ban gama lissafi ba, ashe wannan jimlar kaɗai ta isa a jefa takarda kwandon shara.

Ka ƙara duba sanarwar da kyau, kalma suka ce ko harafi, don wasu harafi suke ƙirgawa har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wasu kuma take da sunayen marubuta duk ciki. Ka rubuta a Word ka adana sannan ka manna a fom, kar ka rubuta kai tsaye a shafinsu rezo ya yanke ka tashi a tutar babu, kuma bayan ka manna ka duba alamomi irin su ≥ da ± don wani lokaci sai su koma alamar tambaya. In sun ce ba a son a gane mai rubutu to kar sunan lopital ko garin ya fito a cikin rubutun, ka ce wani lopital na distirik a arewacin Kamaru.

Oral da fosta kuwa, in akwai gurbin ko wanne ka zaɓi shi, su za su yanke. Fosta ba raini ba ce.

Tsohon_Majo

Ɗana sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ni na yi shekara ashirin da bakwai a blok, Ngaundere na ƙare na yi ritaya, jikata ce take buga min wannan ina faɗa mata don idona ba ya ganin ƙananan rubutu.

Maganar shef ɗinka zan yi don ita na sani. Mu zamaninmu haka aka yi mana, mu ne masu cika rajista mu ne masu tashi ƙarfe biyun dare, sai wata rana ka ji wai an je an karanta aikin servis a babban otel an tafa, ko sunanka babu a ƙasan takarda balle a kawo maka tsaraba. Wani ɗalibi ya taɓa zama wata uku a ofis ɗina yana kwafar littafina, shayi na nake ba shi, da ya gama tez ɗinsa (kundin kammala digiri) godiya ya yi wa kowa har da mai gadi ban da ni. Na bar shi da Allah.

Amma kuma kar ka je ka yi faɗa da mutumin da zai sa hannu a takardar izinin tafiyarka da odar misiyo (takardar tafiya aiki), zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai amma faɗa da mai gari a garinsa ba dabara ba ce. Ka same shi shi kaɗai ba gaban mutane ba, ka ce Dokta ai a al'adar masu bincike babba sunansa a ƙarshe yake zuwa, shi ne uban aiki, na farko yaro ne mai ɗaukar kaya. Kuma gaskiya ce ba wayo ba, ka duba takardun furofesoshi za ka ga sunansu a ƙarshe. In mai hankali ne zai ji daɗi ma. Ka sa abokin aikinka shi ma, rabin allurar nan hannunsa ne.

Sai kuɗi, don ban ga kowa ya taɓo ba. An karɓi takardarka ba shi ne an biya maka ba fa. Kuɗin rajistar taron, mota daga Garwa zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, masauki, abinci, buga fostar ma kuɗi ne, ka fara ajiya tun yau ko ka shiga adashi. Kuma wa zai riƙe blok in ka tafi, abokinka shi kaɗai sati guda? Ku yi wannan maganar tun yanzu.

Komiten etik kuwa ni dai a zamanina ban ga wanda ya tambaya ba, darakta ya sa hannu shikenan.

YarMarwa

Baba Majo Allah ya ƙara girma, maganar suna a ƙarshe wlh haka take. Sai dai in ƙara, ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta ce marubuci sai wanda ya sa hannu a tsara aikin ko tattara bayanai ko fassara su, ya taɓa rubutun, ya amince da na ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa in an yi tambaya, don haka Yaya ka ba shef ɗin ya karanta ya gyara da gaske, sunansa ya zama halal.

Amma batun etik ku yi min afuwa Baba, zamani ya canza. Tun watan Afrilu 2022 Kamaru tana da doka a kan binciken lafiya da ya shafi ɗan adam, akwai komite na ƙasa a Yawunde akwai na jihohi, kuma dosiyen mace sirrinta ne ko ba ka taɓa jikinta ba. Ga irin naka na duba baya galibi ba sa cewa ka nemo matan ɗaya bayan ɗaya su sa hannu, amma su ne za su yafe maka wannan ba kai za ka yafe wa kanka ba. Ka fara da takardar izinin darakta, ka je delegasiyon lafiya a Garwa ka tambayi inda ake ajiye dosiyen neman izini, gobe ma in da hali don ba kullum suke zama ba. Kuma ka cire sunayen matan daga Excel ɗin nan ka sa lamba, musamman in kana yawo da shi a waya. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka ƙirƙiri lamba ka cika gurbin, in ba ta fito ba ka rubuta wa masu shirya taron ka faɗa musu gaskiya an ajiye ana jira.

Likitan_Barci_Injamena

Salamu alaikum. Na karanta duka, 'yar'uwa ta Marwa ta gama da tsari ba abin da zan ƙara, Baba Majo kuma mun gaishe ka, irinku ne suka koya mana riƙe laringoskof (abin leƙa maƙogwaro) ba littafi ba. Ni likitan anestezi ne a Injamena, na taɓa zama cikin masu tace rezime, shi ya sa zan taɓo abin da kowa ya tsallake, kuma Malam ka yi haƙuri zai ɗan yi ɗaci.

Matsalarka ba kalma 300 ba ce. Ko 3000 suka ba ka, in rezimen nan ya zo hannuna da cewa saukar tansiyo ba ta da yawa a wurinku, tambayata ta farko ita ce me kake kira saukar tansiyo, ta biyu kuma kowane minti nawa kuke aunawa kuma wa ke rubutawa. Akwai wani nazari da ya fito a 2010 a mujallar anestezi ta ƙasashen Sikandinabiya, suka bi takardun da aka buga a kan rashi a sezariyen suka sami ma'ana 15 daban-daban ta saukar tansiyo, da suka ɗora su a kan mata guda ɗin nan sai adadin ya tashi daga wajen kashi 7 har zuwa kashi 74, matan ba su canza ba, ma'aunin ne ya canza. Matsayar da masana suka fitar a 2018 ta ce a yi ƙoƙarin riƙe lambar sama ta tansiyo a kashi 90 na yadda take kafin allura, kada a bari ta yi ƙasa da kashi 80. To kai kana da tansiyon kafin allura a kowane dosiye? In kana da ita, an ɗauke ta mace tana kwance hankali kwance ne ko tana tsakiyar naƙuda tana murƙususu bayan an kawo ta a kan moto daga ƙauye?

Kuma na san yadda blok ɗin distirik yake don na yi aiki a irinsa. Kai kaɗai ne a kan maras lafiya, abin awon na hannu ne mai famfo ko skof, na'urar sa ido kan maras lafiya, da batirinsa ya mutu, ka yi allura ka kwantar da ita ka karkata ta hagu, minti uku ta ce zuciyarta na tashi ta fara hamma, me kake yi? Efedirin, maganin ɗaga tansiyo, kake ja ka tura ka buɗe ruwa, ba biro kake nema ba. Sai bayan jariri ya yi kuka hankali ya kwanta ka zauna ka cika fish (takardar bibiyar maras lafiya), ka rubuta tansiyo 12/7, 11/7, 11/6. Duk mun yi. Saukar tansiyon rashi a mintunan farko take zuwa, daidai lokacin da hannunka biyu ke cike, don haka rajistarka ba ta ce tansiyo ba ta sauka ba, cewa ta yi ba a rubuta ba. In kana so ka gwada maganata ka je famasi ko littafin kayan blok ka ƙirga ampul nawa na efedirin ya fita a shekara biyun nan ka kwatanta da matan da ka ce tansiyonsu ta faɗi.

Abin da ya sa na tsananta, irin wannan kammalawar tana da haɗari. Wani yaro sabon fitowa zai karanta ya ce ashe matanmu ba sa faɗuwa, ya yi rashi bai ja efedirin ya ajiye ba. Kuma mu ba mu da wurin wasa, binciken ASOS da aka buga a 2018, majinyata sama da dubu 11 a ƙasashen Afirka 25, ya nuna mutuwa bayan tiyata ta ninka ta sauran duniya sau biyu alhali majinyatanmu sun fi ƙuruciya, ɓangarensa na sezariyen da ya fito a 2019 kuma ya sami mutuwar uwa kusan sau 50 fiye da ƙasashe masu arziki.

Yanzu ba cewa nake ka yar da aikinka ba, wahalar da ka sha ta dare ba za ta tafi a banza ba. Ka tambayi rajistar abin da ba ta iya mantawa. Misali rashi nawa ne bai kama ba har aka koma ketamin ko barcin gaba ɗaya, wannan dole an rubuta don magani ya fita kuma an biya. Da rana ya fi faruwa ko da dare, a gaggawa ko a wadda aka shirya, an sake allura ta biyu ko kai tsaye aka juya. Mata nawa aka ƙara wa jini, nawa aka tura babban lopital, jarirai nawa suka fito da Apgar (makin lafiyar jariri) ƙasa da 7 a minti biyar in ungozoma sun rubuta. Ka ɗauki ɗaya tak, ni na farkon zan ɗauka, shi ne rezime. Mai tacewa ya gaji da ganin take irin su aikin anestezi a lopital kaza, wanda ke ba da labarin komai bai amsa komai ba, amma infirmiye daga inda babu likitan anestezi ya zo da adadin rashin da ya gaza da abin da aka yi bayan ya gaza, wannan zan tsaya in karanta, don irin wuraren nan su ne mafi yawa a ƙasashenmu kuma su ne ba a jin muryarsu. Ƙungiyar WFSA ta masu anestezi ta duniya tana cewa a samu aƙalla likitan anestezi 5 ga mutum dubu 100, mu da ku duk mun san inda muke.

Kar ka cusa p (lambar gwajin lissafi) a ko'ina don a ce ka iya lissafi. Adadi, kashi, da tazarar amincewa ta kashi 95 sun isa. Maganar tansiyo kuma ka ajiye ta ta zama aikin baɗi, ka tsara fish tun kafin ka fara, ka sami ɗalibi ɗan sitaj (mai koyon aiki) ya tsaya yana aunawa yana rubutawa a kai a kai har a ciro jariri, da izinin komite da yardar matan, a yi musu bayani da Fulatanci ko Hausa ko yaren da suke ji ba a miƙa musu takardar Faransanci su dangwala ba.

Ɗan_Kuseri

Kai Dokta ka kashe mu da 12/7, 11/7 hhhh wlh kamar kana leƙen fish ɗina. Ni tambayata daban, kullum ana turo min imel da Turanci wai an gayyace ni in yi jawabi a Dubai ko Roma, har suna kirana furofesa ni da ko tez ban yi ba, na gaske ne?

Likitan_Barci_Injamena

Ɗan'uwa goge kawai. Duk taron da ya karɓi rezime cikin kwana biyu, ya haɗa anestezi da haƙori da noma a zaure ɗaya, kuɗinka yake so. Na gaske ƙungiya ce sananniya ke bayansa, kamar SARAF ta ƙasashenmu masu Faransanci da ke zagayawa ƙasa ƙasa, ko SFAR ta Faransa da ke yin nata a Paris a watan Satumba, ko babban taron duniya na WFSA, na 2024 a Singafo, na 2026 a Marakesh ta Maroko. WFSA ma tana ba matasa daga ƙasashe irin namu tallafin zuwa, ana nema ne a shafinsu ba su ke bin mutum da imel ba. In za ku tura Faransa ku kula da agogo, lokacin zafinsu suna gabanmu da awa ɗaya, sha biyun darensu sha ɗayanmu ce a Injamena da Garwa, na san wanda ya zo turawa sha ɗaya da kwata ya tarar an rufe. Kuɗin biza kaɗai yuro 90 ne, kusan sefa dubu 59, ba a zo maganar jirgi ba.

Mai_Rashi

Jama'a na dawo, kwana huɗu ban leƙo ba gardi ne ya haɗe min ga wuta da ake ta ɗaukewa. Useko ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Dokta gaskiya ranar da na karanta naka raina ya ɓaci, na kashe waya na ce wannan bai san wahalar da na sha ba, amma da safe na je na buɗe littafin kayan blok kamar yadda ka ce, ban ma gama ƙirga shekarar farko ba na rufe littafin don kunya, efedirin ɗin da ya fita ya ninka matan nawa nesa ba kusa ba. Na nuna wa abokin aikina ya yi ta dariya ya ce shi ai in mace ta fara hamma ba ya ma tsayawa aunawa. To na sauka daga kan tansiyo. Na koma kan rashin da bai kama ba, kuma abin mamaki wannan a rubuce yake tsaf har da sa'a, sai dosiye goma sha wani abu da ba a faɗi dalilin juyawa ba, ko allurar ce ta gaza ko aikin ne ya yi tsawo ko jini ne ya ɓalle, zan faɗi yawansu yadda ƙanwata ta ce. Na lura kamar sun taru a watannin zafi, Maris da Afrilu, har na fara tunanin ko bupi ɗin ne ke lalacewa a kabad don ɗakin ajiyarmu tanda ne, amma na ji tsoron rubutawa kar Dokta ya sake kama ni.

Baba Majo dabararka ta yi aiki, na same shi bayan la'asar shi kaɗai na faɗa masa yadda ka ce, ya yi shiru ya ce ai dama haka ake yi, har ya karɓi takardar ya yi mata jan biro ya gyara min Faransanci wuri huɗu. Darakta ya sa hannu, dosiyen etik kuma na kai sun ce in dawo, ban san ko zai fito kafin a rufe ba, na rubuta wa masu taron ina jiran amsa.

Yanzu ina kan kalma 340. Ƙanwata in na turo miki ta inbos za ki iya duba min inda zan rage 40 ɗin?

YarMarwa

Turo Yaya, amma sai jibi don gobe ina gardi a reyanimasiyo. Maganar zafin nan kar ka sa ta a kammalawa tunda ba ka auna zafin kabad ba kuma ba ka da lambar lo (rukunin da aka sarrafa) na ampul ɗin, in ka ga dama ka ba da adadin wata wata a sakamako ka bar su su yi tambaya a gaban fosta. Ka turo har da taken, ina zargin shi kaɗai ya kai kalma 25.

Tsohon_Majo

Ɗana in za ka bi ta Ngaundere ka yi magana tun da wuri, jirgin yamma yake tashi kuma tikitin kushet (taragon kwana) yana ƙarewa, yarona zai saya maka ka sauka gidana ka ci abinci kafin lokaci. Ka taho min da kwafin takardar jikata ta karanta min.